Kiɗan Bulgeriya: Gaurayen da Aka Yi wa Tafi da Wanda Aka Kai Gidan Yari

A shekarun 1980 Bulgeriya ta fitar da kiɗa iri biyu zuwa kunnen duniya, kuma dukansu gauraye ne. Na farko muryoyin mata ne na ƙungiyar mawaƙan rediyon gwamnati, waɗanda faifansu mai suna Le Mystère des Voix Bulgares ya yi kasuwa a Ingila da Amurka, har kashi na biyunsa ya ci lambar Grammy a 1990. Na biyu kiɗan biki ne na su Ivo Papazov, mai busa kilarinet, wanda 'yan sanda suka riƙa bin sawunsa daga wannan ƙauye zuwa wancan, har suka kulle shi. Gwamnati ta ce na farko gargajiya ce tsantsa. Na biyu kuwa ta ce kiɗan baƙi ne mai ɓata al'ada. Duk mai son ya yi maganar haɗa kiɗa da rawar Bulgeriya da na sauran al'ummomin Turai, daga nan ya kamata ya ɗauko zaren, domin ba a taɓa yin faɗa a kan gauraya kanta ba. Faɗan a kan wanda aka gauraya da shi ne.

Ƙasar tana yankin Balkan, kudu maso gabashin Turai. Romaniya na arewa da ita, kogin Danube ya raba su, Sabiya da Masedoniya ta Arewa na yamma, Girka da Turkiyya na kudu. Ta shafe kusan shekara 500 ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa, daga ƙarshen ƙarni na 14 zuwa 1878. Ƙasar da ke zaune a irin wannan mararraba ba ta da yadda za a yi kiɗanta ya zama na jini ɗaya, kuma kayan kiɗan da kansu shaida ne. Akwai gaida, abin busa mai salkar fatar akuya, wadda ake samun irinta a Girka da Masedoniya. Akwai kaval, doguwar sarewar makiyaya, da Turkawa da Albaniyawa su ma suke busawa. Akwai gadulka, mai tsirkiya da ake gogawa, 'yar'uwar lira ta Girkawa. Akwai tapan, babbar ganga mai fuska biyu, da ake kaɗawa da kakkauran gula a hannu ɗaya da siririyar tsumagiya a ɗayan. Sai kuma zurna, wadda ita da algaitarmu dangi ɗaya ne, irin abin busan da ya bazu tare da daulolin Musulunci daga Balkan har fadojin ƙasar Hausa. Mai karatu ya riƙe sunan zurna, za mu dawo gare ta.

Abin da ya fi jan hankalin makaɗan Turai ga Bulgeriya shi ne kari. Yawancin raye-rayen yammacin Turai bugunsu a daidaice yake, bibbiyu ko uku-uku. Na Bulgeriya kuwa gajeren taku da dogon taku ake haɗawa a zagaye ɗaya. Rawar rachenitsa bugu bakwai ce, amma ba a ƙirga ta ɗaya zuwa bakwai. Biyu ne, biyu, sannan uku, wato gajere, gajere, dogo. Mai karatu ya gwada da tafin hannu, ya tafa sau biyu da sauri, na uku ya ɗan ja shi, ya sake ba tare da tsayawa ba. Zai ji jikinsa yana son ya daidaita tafin ukun su zama tsawo ɗaya, kuma da zarar ya daidaita su, rachenitsa ta tashi daga hannunsa. Paidushko bugu biyar ce, gajere da dogo. Kopanitsa goma sha ɗaya ce, dogon takun yana tsakiya, gajeru biyu a gabansa, biyu a bayansa. Tsohuwar ƙauye da ke taka kopanitsa ba ta lissafin goma sha ɗaya. Taku biyar take ji, na tsakiya ya fi sauran nauyi.

Cikin waɗanda suka ɗauki wannan kari suka kai shi zauren manyan makaɗan Turai akwai Béla Bartók, ɗan Hangari. Ya san shi ta hanyar aikin masanan Bulgeriya irin su Vasil Stoin, wanda ya tattara dubban waƙoƙin ƙauye, ya kuma rufe littafinsa na koyon fiyano, Mikrokosmos, da raye-raye shida da ya ce a kan karin Bulgeriya suke. Sunan ya bi abin, alhali ana samun irin wannan kari a Turkiyya da Girka da Masedoniya da Romaniya. Tun daga nan aka fara jingina wa ƙasa ɗaya abin da yanki guda ya yi tarayya a kansa, kuma Bulgeriya ba ta ƙi ba.

Bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulki a 1944, gwamnati ta ɗauki kiɗan ƙauye a matsayin fuskar ƙasa. A 1951 Filip Kutev, wanda ya yi karatun kiɗa irin na Turai, ya kafa ƙungiyar waƙa da rawar gargajiya ta ƙasa, bisa samfurin ƙungiyoyin Tarayyar Sobiyet. Ya bi ƙauyuka yana zaɓo mata masu murya, ya bar musu salon waƙarsu na buɗaɗɗen maƙogwaro, mai kaifi kamar za ta tsaga iska, amma ya canja abin da suke rerawa. A ƙauyukan Shopluk da ke kewayen Sofiya, mata kan yi waƙa da murya biyu ne, ɗaya ta riƙe sauti guda ba ta motsi, ɗayar tana yawo dab da ita, har muryoyin su riƙa gogar juna. A wasu yankunan ma murya ɗaya ce kacal. Kutev ya jera muryoyi hawa uku ko huɗu kamar yadda ake yi a majami'u da makarantun kiɗan yammacin Turai, ya rubuta komai a takarda, ya sa madugu a gaba yana ba da umarni da hannu. Aka ƙera gadulka manya da matsakaita don su zauna sahu-sahu irin na gogen Turawa. A 1952 aka kafa ƙungiyar mata ta gidan rediyo a kan wannan tsari, a 1967 kuma aka buɗe makarantar kiɗan gargajiya a garin Kotel.

Ban raina aikin Kutev ba ko kaɗan. Wanda ya saurari waɗannan mata bai ji tsigar jikinsa ta tashi ba, to ya duba kunnensa. Sai dai a kira abu da sunansa. Wannan gauraye ne na muryar ƙauyen Balkan da ilimin kiɗan Biyana da Mosko, kuma an haife shi a ofis, da albashin gwamnati. Lokacin da Marcel Cellier, ɗan Suwizalan, ya fitar da faifan farko a 1975, sannan kamfanin 4AD na Ingila ya sake fitar da shi a 1986, masu saye da yawa sun ɗauka wata daɗaɗɗiyar murya ce ta duwatsu da zamani bai taɓa ba. Waƙoƙin da suke ji kuwa, irin su Kutev da Krasimir Kyurkchiyski ne suka tsara su, mutanen da ke raye a Sofiya ko ba su daɗe da rasuwa ba. Wannan rashin fahimta ya yi wa kowa daɗi. Gwamnati ta samu shaidar cewa al'adarta tsarkakakka ce, kamfanonin faifai sun samu abin al'ajabin sayarwa.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. A daidai wannan lokaci, a yankin Trakiya na kudancin ƙasar, wani kiɗan daban yana cin kasuwarsa ba tare da rediyo ba. Makaɗan biki sun ajiye gaida da kaval, sun ɗauki kilarinet da saksofon da akodiyon da jita mai lantarki da gangunan Turawa, sun jona lasifika. Suna kaɗa rachenitsa da kopanitsa ɗin nan dai, amma da gudun da ƙafar mai rawa take sha da ƙyar, kuma a tsakiyar kiɗa mai busa yakan saki waƙar ya shiga ƙirƙirar tasa nan take, ya ɗauko wani yanki daga kiɗan Sabiyawa, wani daga Girkawa ko Romaniyawa, wani daga salon Turkawa, wani daga waƙar fim ɗin Indiya ko jaz na Amurka, sannan ya dawo kan karin bai kuskure bugu ko ɗaya ba. Biki kan ɗauki kwana biyu ko uku. Dangin ango da na amarya suna biyan kuɗi a kaɗa musu abin da suke so. Idan aka ji Papazov ne zai busa, mutanen da ba a gayyata ba sukan zo daga garuruwa masu nisa, wasu iyalai ma sai sun ji ranar da yake da sarari kafin su sa ranar biki. Kaset ɗin da aka naɗa a wurin shi ke yawo hannu da hannu.

An haifi Papazov a 1952 a garin Kardzhali, cikin zuriyar makaɗa 'yan ƙabilar Roma masu jin Turkanci, kuma sunansa na yanka Ibryam Hapazov. Yawancin gwanayen wannan kiɗa irinsa ne, 'yan Roma ko Turkawa, da yawansu Musulmi. A nan laifin yake. Gwamnatin Todor Zhivkov ta ƙudiri aniyar nuna cewa al'umma ɗaya ce tak a ƙasar. A 1984 da 1985 ta tilasta wa Turkawan Bulgeriya canja sunayensu zuwa na Bulgeriyawa, ta hana magana da Turkanci a bainar jama'a, ta hana suturarsu. Aka haramta zurna. Aka haramta kyuchek, rawar da 'yan Roma ke yi mutum shi kaɗai yana kaɗa ƙugu. Makaɗin da aka kama yana kaɗa ta akan ci shi tara, a ƙwace masa lasisi, ko a aske masa kai a tsare shi kwana goma sha biyar yana aikin ƙarfi. Papazov ya ɗanɗana, haka abokin aikinsa Yuri Yunakov mai saksofon. Makaɗa suka koyi ajiye ɗan leƙen asiri a kan rufin ɗaki, idan ya hango motar 'yan sanda sai a juya kiɗan ya koma na horo, rawar dandali ta Bulgeriyawa, kafin su iso. A 1989 Turkawa fiye da 300,000 suka bar ƙasar zuwa Turkiyya cikin 'yan watanni.

To a duba abin da kyau. Kutev ya auro daga Biyana da Mosko, aka ba shi lambobin girma, aka sa wa ƙungiyar sunansa bayan rasuwarsa a 1982. Papazov ya auro daga maƙwabtan da kakanninsa suka yi ɗaruruwan shekaru suna cin kasuwa ɗaya da su, aka ce ya shigo da baƙon abu. Idan tsufa ake nema, gaurayen Papazov ya girmi na Kutev nesa ba kusa ba. Da gwamnati ta ga hani bai yi aiki ba, sai ta buɗe gasar makaɗan biki a ƙauyen Stambolovo a 1985, da sharaɗin a kaɗa na Bulgeriya zalla. Dubban mutane suka cika filin, kuma abin da suka zo ji shi ne wanda ake kaɗawa bayan alƙalan gasa sun tashi. Sai da Joe Boyd, Ba'amurken da ke shirya faifai a Landan, ya fitar da Orpheus Ascending a 1989, sannan Papazov ya samu a waje mutuncin da aka hana shi a gida.

Akwai wani gaurayen na uku da ni na fi ganin girmansa, kuma daga can ƙarshen yammacin Turai ya fito. A 1968 Andy Irvine, mawaƙin gargajiya na ƙasar Ayilan, ya bar ƙungiyarsa ta Sweeney's Men ya tafi yawon Balkan, ya zaga Bulgeriya da Romaniya da Yugoslabiya, ya dawo da faya-fayai da karin da ya hana shi sakat. Kiɗan Ayilan yana da rawa mai bugu tara, wadda ake raba ta uku, uku, uku. Bulgeriya ma tana da mai bugu tara, daichovo, amma rabonta biyu, biyu, biyu, uku. Adadi ɗaya, tafiya daban. Makaɗin Ayilan da ya tashi da na farko, yatsunsa za su riƙa jan sa gida duk lokacin da ya gwada na biyu, kuma babu wata dabara sai ya zauna ya sake koyon tafiya. Irvine ya zauna. A ƙungiyar Planxty, wadda suka kafa a 1972 da Christy Moore da Dónal Lunny da Liam O'Flynn, ya shigo da Mominsko Horo a faifansu na 1974, da Smeceno Horo a na 1979, kuma ya bar musu sunayensu na asali, bai ce shi ya ƙaga ba. (Ita kanta buzuki mai tsirkiya da suke kaɗa waɗannan da ita, wadda yau ake ɗauka kayan gadon Ayilan ce, daga Girka Johnny Moynihan ya shigo da ita a shekarun 1960.)

A 1992 aka fitar da East Wind, faifan da Irvine ya yi da Davy Spillane, mai busa irin gaidar Ayilan wadda ake hura wa iska da zugazugi a ƙarƙashin gwiwar hannu. Kiɗan Bulgeriya da Masedoniya ne daga farko har ƙarshe, da kayan kiɗan Ayilan. Tare da su akwai Nikola Parov, ɗan Bulgeriya mazaunin Budapest, yana goga gadulka yana busa kaval, da Márta Sebestyén, mawaƙiyar Hangari. Wanda ya shirya faifan shi ne Bill Whelan. Bayan shekara biyu, ranar 30 ga Afrilun 1994, a lokacin hutun gasar waƙa ta Eurovision a Dublin, Whelan ya gabatar da Riverdance, wasan minti bakwai da ya zama kasuwanci mai zagaya duniya. Sauye-sauyen karin da ke cikin kiɗansa daga makarantar East Wind suka fito, kuma Spillane da Parov duk sun zauna a cikin makaɗan wasan. Miliyoyin da suka kalli Riverdance a matsayin tutar Ayilan ba su san akwai hannun Balkan a ciki ba.

Abin da ya bambanta aikin Irvine da na wasu, a ganina, shi ne ya ɗauki ɓangaren da ke da wuya. Murya tana da sauƙin aro. Bayan nasarar faifan Cellier, masu fina-finai da masu talla sun yi ta ɗora muryar matan Bulgeriya a kan kiɗan da ba ruwansa da ita, duk inda ake son a nuna abin tsoro ko na ban mamaki, kamar yaji a kan abincin da an riga an gama dafawa. Ba na sa Kate Bush a wannan sahu, domin ita ta je Sofiya da kanta ta zauna da Trio Bulgarka, wato Yanka Rupkina da Stoyanka Boneva da Eva Georgieva, ta kuma rubuta sunansu a faifanta The Sensual World na 1989. Amma ko a nan ginin waƙar nata ne, su ado suka kawo. Kari kuwa ba ya zama ado. Idan ka karɓi bugu goma sha ɗaya, shi zai juya maka dukan waƙar, ya gaya wa mai ganga da mai jita inda za su sa hannu. 'Yan Norwe na ƙungiyar Farmers Market, ƙarƙashin Stian Carstensen, sun bi wannan hanya mai wuya, kuma abin sha'awa, kiɗan bikin da aka tsangwama suka je suka koya, har suka ɗauki mai saksofon ɗan Bulgeriya, Trifon Trifonov, cikin ƙungiyarsu.

Rawa ita ce ta fi shan wahala a duk wannan zirga-zirga. Horo a ƙauye ba abin kallo ba ne. Ranar Lahadi ko ranar biki mutane kan fito dandalin gari su kama hannun juna, ko kowa ya riƙe ɗamarar na kusa da shi, a yi dogon layi mai lanƙwasa yana tafiya dama. Na kan gaba yana kaɗa hankici, shi ke jan layin inda ya ga dama, yara suna can wutsiya suna koyo da tuntuɓe. A nan saurayi ke ganin budurwa, a nan ake gane wanda ya yi fushi da wa. Romaniyawa suna da hora, Sabiyawa suna da kolo, Masedoniyawa suna da oro, duk gida ɗaya ne. Da ƙungiyoyin gwamnati suka hau da horo kan dandamali, sai aka juya masu rawa suka fuskanci 'yan kallo, aka zaɓi masu tsawo ɗaya, aka ƙara gudu da tsalle, aka yanke abin da kan ɗauki yini ya koma minti biyar. Riverdance ma haka ta yi wa rawar Ayilan. Saboda haka idan aka haɗa su biyun a dandamali, layin masu buga ƙafa na Dublin da layin masu tsalle na Sofiya, yana ƙayatarwa, amma wasan kwaikwayo biyu ne suka haɗu, al'adun suna can gida. Dangin horo na gaskiya a yammacin Turai yana Biritani ta Faransa, a taron dare na fest-noz, inda tsoho da yaro ke sarƙa 'yan yatsu su yi ta zagaye har gari ya kusa wayewa. Kuma inda horo ya fi shiga jikin baƙi shi ne ƙananan ƙungiyoyin masu sha'awar rawa a Holan da Jamus da Amurka, waɗanda ke taruwa da yamma su koyi paidushko ba mai kallonsu.

Bayan faɗuwar Zhivkov a Nuwambar 1989 hani ya kau, sai abin da aka danne ya fito da ƙarfinsa ta wata fuska. Chalga, kiɗan zamani mai cike da salon Turkawa da Girkawa da Sabiyawa da 'yan Roma, ya mamaye motocin haya da gidajen rawa. Ni ma akwai da yawa a cikinsa da ba na iya saurara, waƙoƙin kuɗi da mota da tsiraici. Amma idan 'yan boko na Sofiya suna zaginsa, sau da yawa ba talaucin waƙar suke nufi ba, ƙamshin gabas da ke jikinsa ne ya dame su, a ƙasar da ta shiga Tarayyar Turai a 2007 tana son a gan ta Baturiya sosai. Haɗa kaval da jaz, irin wanda Theodosii Spassov ya shahara da shi, ana kai shi manyan zauruka a yi alfahari da shi. Haɗa kilarinet da salon Istanbul har yanzu sai an nemi uzuri.

Jerin abubuwan da ƙasar ta kai wa UNESCO ma yana faɗin wani abu. An sa waƙar tsofaffin matan ƙauyen Bistritsa a 2008, bikin gargajiya na Koprivshtitsa, wanda ake yi tun 1965, ya shiga a 2016, waƙar mata ta ƙauyukan Dolen da Satovcha ta shiga a 2021. Duk sun cancanta. Kiɗan bikin Trakiya ba ya ciki. Yuri Yunakov, wanda ya yi ƙaura zuwa New York a 1994, ya karɓi babbar lambar girmamawa ta masu fasahar gargajiya a 2011, kuma gwamnatin Amurka ce ta ba shi.